Lallaɓawar Ta Isa Haka

Ina zaune a kan benci a wani gareji da ke bayan unguwarmu, ina jiran a sauya wa motata birki, sai ga janwe ya shigo da wata Honda Accord ƙirar 2004, irin wadda 'yan kasuwar mota ke kira EOD. Mai ita na biye a cikin a-daidaita-sahu, babbar riga a kafaɗa, gumi ya jiƙa masa taguwa. Bai gama amsa gaisuwa ba ya fara bayani: "Wallahi lafiyarta ƙalau. Shekaranjiya ma na je Zariya na dawo. Haka kawai yau ta ƙi tafiya."

Maigidan garejin dattijo ne marar yawan magana. Ya sa yaronsa ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashin motar, ya kwance notin da ake tsiyaye man giya. A bakin irin wannan noti akwai maganaɗisu, wanda aikinsa kama 'yar ƙurar ƙarfe da ke yawo cikin mai. Da yaron ya miƙo shi, sai ga ɓarɓashin ƙarfe ya mimmiƙe a kansa cirko-cirko kamar ƙayar bushiya. Man da ya zubo baƙi ƙirin, ƙaurinsa kamar tuwon da ya kama a tukunya. Dattijon ya dangwalo da yatsa, ya shafa a farar takarda, ya kai kusa da hancin mai motar.

"Alhaji, shaƙa ka ji. Wannan ƙaurin ba na jiya ba ne. Tun yaushe take fizgarka?"

Alhaji ya ɗan yi shiru, ya gyara hula. "To, gaskiya tun kafin azumi take ɗan yi. Amma muna lallaɓawa."

Ranar muna cikin watan Maulidi. Wata bakwai ke nan mota tana kuka, mai ita yana toshe kunne.

Da wannan kalma nake faɗa a yau, lallaɓawa, da kuma kai da ka mayar da ita abin taƙama. Giyar atomatik ba ta cika yin mutuwar fuju'a ba. Kafin ta kwanta sai ta yi ta ba ka labari. Da safe ka sa ta a D ko a ribas, sai ta yi jinkirin daƙiƙa biyu ko uku kafin ta kama, wani lokaci ta kama da ƙara, gim, har wuyanka ya motsa. Ka taka totur a hawa, inji ya yi ta ihu, allurar da ke nuna juyawarsa ta haura, amma motar tana jan ƙafa. Tsakanin lamba biyu da uku sai ta saki kamar an taka kuloci, sannan ta cafka. A gudun kilomita 60 zuwa 80 ka ji tana karkarwa kamar kana bin titin da aka yi wa kunya-kunya. Ka tashi da safe ka tarar da jan ɗigo a ƙasa inda ta kwana. Duk ka ga wannan. Matarka da ke zaune a gefe ta ji, har ta yi maka magana, ka ce mata ba ta san mota ba. Ka koyi ɗaga ƙafa daga totur daidai lokacin da za ta canja, don kada fasinja ya ji fizgar. Wato ka san ciwon sarai, har ka koyi ɓoye shi. Saboda haka ranar da ta ajiye ka a bakin titi, kada ka ce ƙaddara ce ta faɗo maka daga sama, kada kuma ka ce baki ne ko hannun maƙiya. Kai ka kashe ta.

Da ka san abin da ke cikin wannan akwati, da ba ka kwana bakwai kana lallaɓawa ba. A motar manuwal, mai aikinsa sanya santsi ne kawai, kai ne kake taka kuloci da ƙafarka. A atomatik kuwa mai shi ne ƙafar, shi ne hannun. Inji na juya wani famfo, famfon na tura mai da ƙarfi cikin wasu siraran hanyoyi masu kama da gidan tururuwa, wasu ƙananan makullai na lantarki suna buɗewa suna rufewa bisa umarnin kwamfutar motar, man ya je ya matse fayafayan kuloci, waɗanda makanikai ke kira faiba. Fuskar faibar nan wata irin takarda ce ta musamman da aka manna a kan ƙarfe, ba ta fi kaurin kwali ba. Idan matsin mai ya cika, faiba ta kama gam, babu gogayya. Idan ya ragu, saboda mai ya yi ƙasa, ko ya tsufa, ko matata ta toshe, sai faiba ta riƙa zamewa. Zamewar nan ita ce ihun da inji ke yi ba tafiya. Kowace zamewa wuta ce. Takardar na ƙonewa, tokarta na shiga mai, man na kai ta cikin siraran hanyoyin nan tana toshe su, matsi na ƙara raguwa, zamewa na ƙaruwa. Ciwon da kansa yake ciyar da kansa. Abin da a watan farko lita uku na mai da makulli ɗaya za su warkar, a wata na bakwai ya zama sauke giya gaba ɗaya. Kuɗin da kake gani ka adana da lallaɓawa bashi ne ka ci, kuma da riɓi za ka biya.

Tun ranar sayen motar ka fara yaudarar kanka. Ka ce 'yar Baljiyam ce, "sabuwa fil, ko Bature bai more ta ba." Ka dubi lambar da ke gaban sitiyari ka ga 150,000, ka ce kaɗan ne. Motar da ta fito daga Amurka da mil take lissafi, kuma mil ɗaya ya ɗara kilomita ɗaya da rabi. Mil 150,000 kilomita 241,000 ne da 'yan kai. Tsakanin Kano da Legas kusan kilomita 1,000 ne, ka ga ta yi wannan tafiya fiye da sau 200 kafin ta san sunanka. Wannan ma idan ba a murɗa lambar baya ba, abin da kowa ya san ana yi. Tsohuwa ka aura, ba laifi ba ne, yawancinmu ƙarfinmu ke nan. Laifin shi ne ka riƙe ta kamar budurwa, kana sa ran ta yi maka aikin ƙarfi ba ci ba sha. Wasu motocin ma da raunin giya suka baro gida. A shekarar 2004 kamfanin Honda da kansa ya kira motoci sama da miliyan 1 a Amurka don a duba giyarsu mai lamba biyar, saboda lamba biyu ba ta samun isasshen mai, tana zafi har haƙoranta su iya karyewa. A cikinsu akwai Odyssey da Pilot da Accord mai silinda shida ta 2003 da 2004. Nissan ma ya tsawaita garantin giyarsa ta CVT a motocin 2003 zuwa 2010 har zuwa shekara 10 ko mil 120,000. Waɗannan motoci su ne fa suka cika titunanmu bayan garantin ya daɗe da ƙarewa. Wanda ya sayi irinsu ya kamata tun ranar farko ya kasa kunne, ya ware wani abu a gefe. Kai kuwa kuɗin da ya rage maka a baƙin gilashi da sababbin rim da rediyo mai majigi ka zuba.

Baƙin mai kana sauyawa, wannan na yarda, domin kowa ya tsorata ka da bugawar inji. Amma yaushe rabon da ka zaro gejin man giya ka duba? Wasu shekara biyar suna tuƙa mota ba su san inda yake ba. Aikin minti biyu ne. Sabon mai galibi ja ne garau kamar zoɓo. In ya koma kalar shayi, ya tsufa, a sauya. In ya yi baƙi yana ƙauri, an riga an fara ɓarna. In ya zama kamar nono da aka ɗiga wa zoɓo, to ruwan lagireto ya shiga cikinsa, kada ka ƙara tayar da motar, domin ruwa kwance mannin faiba yake yi. Hatta dubawar tana da ƙa'ida, kuma ta bambanta. Toyota mai geji ana auna ta ne inji na aiki, mai ya yi zafi, giya na P. Honda kuwa sai an kashe inji, a auna cikin minti guda ko ɗaya da rabi. Motoci da yawa na baya-bayan nan ma ba su da gejin sam, sai an ɗaga su an auna ta wani noti a kan wani zafi na musamman. Duk wannan yana cikin littafin motar, wanda yake kwance a aljihun gaba tun daga Kwatano, ko kuma yana intanet kyauta a wayar da kake kwana kana latsawa.

Na san amsar da za ka ba ni, domin na ji ta a majalisa ba sau ɗaya ba: "Ai ba a taɓa man giyar atomatik. Wane ya sauya nasa, bayan sati giyar ta mutu." Wannan magana ta halaka giya fiye da ramukan titi. Ga gaskiyar da ke ƙarƙashinta. Wanen nan bai tashi sauya mai ba sai da giyarsa ta riga ta ƙone. Faibarsa ta cinye, tokarta da ke yawo cikin tsohon mai ita ce ke ba ta ɗan kaushin da take kamawa da shi. Da aka tsiyaye, sai asiri ya tonu. Sabon mai bai kashe ta ba, gawa ya tarar. Darasin da ke ciki shi ne a sauya mai tun giya na da lafiya, a irin zafinmu da ƙurarmu kada a wuce kilomita 40,000 zuwa 60,000. Kai kuma sai ka ɗauki darasin a juye, ka ce kada a taɓa har abada. Idan motar ta yi nisa kuma ba ka san tarihinta ba, akwai hanya mai sauƙi: a tsiyaye abin da zai fita da kansa, a mayar da daidai shi. A irin Accord ɗin can kusan lita 3 ne ke fita daga cikin 6 zuwa 7. A yi tafiya kwana biyu, a sake, har sau uku. Ba a tura wa tsohuwar giya mai da injin matsi, ba a zuba mata sinadarin wanki, balle fetur ko kalanzir da wasu ke ɗurawa wai su wanke ta.

To in ka yarda za a sauya, sai kuma rowa ta tashi. Ka aiki yaro bakin titi: "Samo min jan mai, mai sauƙi." Ja ba suna ba ne, rini ne kawai ake sa masa don a bambanta shi da baƙin mai. Kowace giya da irin man da aka gina faibarta a kai. Honda tana da ATF-Z1, wanda DW-1 ya maye gurbinsa. Tsofaffin Toyota irin Camry da Corolla na farkon shekarun 2000 da yawansu T-IV suke sha, na bayansu kuma WS. Giyar CVT ta Nissan NS-2 ko NS-3 take so, kuma ita ba faiba ce ke jan ta ba, bel ne na ƙarfe tsakanin gargare biyu. Ka zuba mata jan mai na gama-gari, ka gama da ita. Peugeot mai giyar AL4 tana da nata. Sau da yawa sunan man a rubuce yake a jikin gejin. Ka ga galan na asali ya yi tsada, ka sayi na jabu da aka ɗura a tsohuwar roba aka liƙe baki. Bambancin kuɗin bai kai na cika tanki ɗaya ba. Araha ba ta ado, kuma a nan ba ta tafiya ma.

Zafi shi ne babban maƙiyin man nan. Yana jin daɗin aiki a wajen digiri 80 zuwa 95, kuma masana mai suna da ƙa'idar cewa duk ƙarin digiri 10 a sama da haka yana kusan raba tsawon ransa biyu. Yanzu ka tuna watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, iska kanta ta haura digiri 40, ga cunkoso, ga na'urar sanyaya ɗaki a kunne, ga mutum bakwai da buhun masara biyu a but. A yawancin motoci man giya ta cikin lagireto yake bi ya huce. Ranar da lagireton ya fashe ka sayo wanda ba shi da wannan hanya, ko na motar manuwal, makaniki ya haɗe bututun biyu da juna ya ce ba komai, kai ma ka ce ba komai. Daga ranar giyarka take dahuwa a cikin manta.

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta wuce 1,000, wata sabuwar ɗabi'a ta ƙara yaɗuwa: da an ga gangara sai a jefa giya a furi. Na fahimci raɗaɗin, ni ma a gidan man nake sha. Amma motar zamani idan tana gangara a D ka ɗaga ƙafa, kwamfutarta yanke fetur take yi. A furi kuwa dole ta ci gaba da ba inji abinci don kada ya mutu. Ba ka adana komai ba, ka rasa riƙon da inji ke yi wa mota, ka bar birki shi kaɗai da nauyi, kuma a gangara irin ta Hawan Kibo wannan wasa da rai ne. Masu kashe inji gaba ɗaya kuwa sun fi kowa ganganci, domin famfon man giya da inji yake juyawa. Wannan dalilin ne kuma ya sa jan atomatik da igiya, tayoyin da ke ja suna ƙasa, daga wannan gari zuwa wancan, yake niƙe cikinta a bushe. Ka ƙi biyan janwe, ka biya giya. Haka mai jefa ta a D tana tsaka da komawa baya, da mai ajiye ta a gangara ba birkin hannu, ya bar nauyin mota duka a kan wani ɗan ƙarfe da bai fi yatsa ba.

Wutar gargaɗi ta kama a gabanka, wannan 'yar ruwan ɗorawa mai siffar inji, ko harafin D ya riƙa ƙiftawa kamar yadda Honda ke yi. Me ka yi? Ka liƙe ta da baƙin salatif, ko ka sa mai wayarin ya cire ƙwan. Motar tana gaya maka inda ke mata ciwo, ka toshe mata baki. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona kwamfuta ta karanto lambar matsala. P0715 ko P0720 na nuni ga na'urar da ke auna gudun giya, abu ne ɗan ƙarami da ake kwancewa daga waje. Lambobi irin su P0750 da P0755 na makullan canjin giya ne. P0741 na nufin kulocin da ke cikin wani tulun ƙarfe na tsakanin inji da giya ba ya kamawa. Kuɗin jona kwamfutar bai kai kuɗin cefanen kwana biyu ba.

Misalai biyu sun isa su nuna maka asarar da rashin wannan bincike ke jawowa. Toyota RAV4 ta 2001 zuwa 2003 ta shahara da fizga da bugu wajen canjin giya, kuma sau tari laifin na kwamfutar injin ne, ita ke ba da umarni a karkace, har sai da kamfanin ya tsawaita garanti a kan wannan zuwa shekara 10 ko mil 150,000. Mutum nawa ne a nan suka sayi giya, aka ɗora, bayan 'yan watanni ta sake lalacewa, suka sake saya, alhali mai kisan na zaune a bayan aljihun gaba ba wanda ya taɓa shi? Sai kuma AL4 ta Peugeot 406 da 307, wadda kan buga gim ta maƙale a lamba uku, fitilu na ƙiftawa. Wannan maƙalewa ba mutuwa ba ce, kwamfuta ce ta kulle ta don ta kare ta har ka isa gareji, kuma galibi makullan matsin mai ne suka gaji, ana sauya su ba tare da an sauke giyar ba. Kai kuwa ka gano cewa in ka kashe mota ka sake tayarwa tana sakewa, shi ke nan ka samu dabara. Wata shida kana kashewa kana kunnawa a tsakiyar titi, har abin da ake karewa ya ƙone.

Makanikai, ku ma ba ku fita ba. Wanda duk iliminsa a kan manuwal ne, amma aka kawo masa atomatik ya kasa cewa "ba fannina ba ne," ya ci amana. Wanda daga jin ƙara, ko murfi bai buɗe ba, ya ce "Oga, giya ta tafi, sai Baljiyam," saboda yana da kaso a wurin mai sayarwa, haram ya ci. Wanda ya buɗe giya a kan turɓaya, iska na kwaso yashi tana zubawa a hanyoyin da ƙwayar yashi ɗaya ke toshewa, ya yi gyaran gangar Auzinawa. Akwai masu gyaran atomatik na gaske a Kano da Kaduna da Abuja da Jos, waɗanda ke auna matsin mai da agogo, su karanta kwamfuta, su nuna maka abin da ya lalace a tafin hannu. Sun fi tsada, kuma layinsu ya fi tsawo. Kai mai mota ka san da su, ka kauce musu da gangan ka tafi wurin wanda zai gaya maka abin da kake son ji.

Idan ta tabbata ta ƙone, to zauna ka yi lissafi da hankali, ba da zuciya ba. Ko a buɗe ta a sauya faiba da robobi da matata a hannun ƙwararre, ko a sayo ta Baljiyam a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo. Ta Baljiyam ɗin ka tuna ita ma tsohuwa ce, daga jikin wata mota mai shekarun taka aka ciro ta. Ka je da wanda ya sani, a duba lambar da ke jikinta ta dace da taka, domin giyar mota ɗaya kan bambanta tsakanin ƙirar Amurka da ta Turai, da tsakanin silinda huɗu da shida. A duba manta da maganaɗisunta a gabanka. A rubuta kwanakin gwaji a takarda. Kafin a ɗora, a wanke bututu da hanyar lagireto, don ɓarɓashin tsohuwar na nan a maƙale yana jiran sabuwar. A kuma gano abin da ya kashe ta farko. Idan kuma ka haɗa kuɗin ka ga ya doshi rabin darajar motar, ga inji na shan baƙin mai, ga ƙasa ta ruɓe, to rabuwa da ita ba abin kunya ba ne.

A wajen rabuwar ne fa nake da magana mafi nauyi, kuma saboda ita na ɗauki alƙalami. Duk abin da na lissafa a baya kanka ka cuta, aljihunka ne, kai ka sani. Amma lallaɓawa tana da ƙarshen da ta saba kaiwa, kuma ƙarshen a kan wani bawan Allah yake faɗawa.

Ina da wata gwaggo, malamar firamare ce, ta yi shekara 35 tana riƙe da alli. Da haƙƙinta na ajiye aiki ya fito, bayan doguwar jira, ta ce za ta sayi mota ta ba ɗanta ya riƙa jigila, a samu na cefane da na makarantar jikoki. Wani mutum da suke unguwa ɗaya, wanda ke gaishe ta da "Hajiya Malama" yana rusunawa, ya ce yana da wadda ta dace da ita. Da suka je gani, motar a wanke take tas, an fesa turare, kuma inji da ɗumi, wai yanzu ya dawo daga kai yara makaranta. An zaga unguwa da ita sau biyu a hankali, lafiya lau. Aka biya, aka yi addu'a, ya ce Allah ya sa a kashe lafiya. Kwana goma sha ɗaya, a hanyar dawowa daga wani biki, da mata da yara a ciki, bayan magariba, motar ta saki a tsakiyar daji. Inji na kuka, taya ba ta juyawa. A zamanin nan kowa ya san abin da tsayuwa a daji da dare ke nufi. Allah ya tsare, wani mai babbar mota ya tsaya musu. Da aka buɗe, sai aka tarar an ɗura mata wani kakkauran sinadari mai yauƙi kamar zuma don ya rufe zamewar na 'yan kwanaki, an goge lambobin matsala daga kwamfuta, an cire ƙwan wutar gargaɗi. Ɗumin injin nan ma shiri ne, don kada a ga jinkirin da take yi da sanyin safiya. Da aka koma masa, sai ya ce, "Hajiya, ai mota 'yar yau ce. Yadda kuka gan ta haka kuka saya." Motar tana nan a ƙofar gidanta har yau, tayoyi sun sace, awaki na kwana a ƙarƙashinta. Ban taɓa jin ta zage shi ba. Abin da take cewa kawai, akwai ranar hisabi.

Kai da kake shirin yin irin wannan, ko ka riga ka yi, kada ka kira shi wayo ko iya kasuwa. Algus ne, ha'inci ne, daidai yake da na mai jiƙa hatsi ya rufe da busasshe. Tun muna makarantar allo malamanmu suka karantar da mu cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma mai saye yana da haƙƙin mayar da ita in ya gano. "Yadda ka gan ta" ba ta wanke ka daga abin da ka sani ka binne da hannunka. Cewa kai ma haka aka yi maka ba hujja ba ce. Wanda aka sata wa akuya ba a halatta masa ta maƙwabci ba. Dillalin da ya sani ya yi shiru don la'adarsa, da makanikin da ya ɗura sinadarin, da wanda aka ɗauko ya duba motar aka danƙa masa wani abu a bayan fage ya ce lafiya lau, duk tare kuka ci. Kuma abin da kuka sayar bai tsaya ga asarar kuɗi ba. Giyar da ke saki tana iya saki lokacin da direba ya fito zai wuce tirela, wata na tahowa.

Akwai masu sayen mota da matacciyar giya, suna sane, su biya daidai darajarta, su gyara ko su fasa ta su sayar da kayan. Kuɗin zai ragu, babu shakka. Wannan ragin naka ne, kai ka tara shi wata bakwai kana lallaɓawa, ba na marayu da 'yan fansho ba ne.

Don haka gobe da safe, kafin ka tayar da ita, durƙusa ka duba ƙasa. Zaro gejin ka shafa a farar takarda, ka shaƙa. In ta fara jinkiri ko fizga, kai ta a jona kwamfuta cikin makon nan. In kuma sayarwa za ka yi, bar ta ta kwana ba a tayar ba, ka kira mai saye da sassafe, ka miƙa masa makulli, ka ce masa: "Malam, giyarta na da matsala, ga abin da take yi, ka saya a kan haka ko ka bari."